Tambayoyinku Kan Sankarar Baki: Tabar Gari, Goro da Gyambon da Ya Ƙi Warkewa

Wasiƙun da suka taru a wannan fili cikin 'yan makonnin nan, da yawansu sun karkata ne ga sankarar baki, wadda mafi yawanmu muka fi sani da dajin baki. Na zaɓi bakwai daga ciki, na rage musu tsawo, na kuma cire sunayen masu su kamar yadda aka saba. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2022 kaɗai, mutum kusan 390,000 ne suka kamu da sankarar leɓe da ta cikin baki a duniya, kuma ta yi ajalin kusan 188,000. Abin da ya fi damuna game da wannan adadi shi ne, hanta da huhu sai an sa na'ura ake ganin abin da ke damunsu, amma baki madubi da hasken rana sun isa a ga cikinsa, kuma duk da haka mafi yawan masu wannan ciwo a ƙasashenmu ba sa isa hannun likita sai ya ci ƙarfinsu.

Tambaya: Likita, ni direban babbar mota ne. Na yi shekara 18 ina shan sigari, na daina shekara huɗu da suka wuce, na koma tabar gari da kanwa wadda nake zubawa tsakanin leɓe da dasashi, domin an ce min ita ba ta da illa tunda babu hayaƙi. Yanzu wurin da nake zuba ta ya yi fari, ya yi tamoji. Akwai abin tsoro? Daga wani direba a Funtuwa.

Amsa: Malam direba, barin sigari bayan shekara 18 ba ƙaramin ƙoƙari ba ne, kuma huhunka da zuciyarka sun amfana. Sai dai wanda ya ce maka tabar gari ba ta da illa ya yi maka gurguwar nasiha, domin ta fuskar baki an gudu ne ba a tsira ba. Ganyen taba, ko an ƙona shi ko ba a ƙona ba, yana ɗauke da wasu sinadarai da ake kira naitrosamin, waɗanda suke samuwa lokacin da ake shanya ganyen da tsima shi da ajiye shi, kuma cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta daɗe da sanya tabar da ake tsotsa ko taunawa ko shaƙa cikin rukunin farko, wato abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara ga ɗan Adam. Mai shan sigari yana busar da hayaƙinsa cikin 'yan mintuna, amma mai tabar gari yana kwantar da ita a wuri guda na tsawon lokaci, sau da yawa a yini, shekara da shekaru, fatar wurin tana jiƙe da ruwanta. Wasu ma da ita suke barci.

Kanwar da ake haɗawa kuwa aikinta shi ne ta sa sinadarin nikotin ya ratsa fatar baki ya shiga jini da sauri, shi ya sa take saurin kama mutum, barinta kuma ya yi wuya. 'Yan uwanmu da ke zaune a Sudan sun san irin wannan haɗi da sunan tumbak, inda ake cuɗa garin taba da kanwar da suke kira aɗrun, kuma binciken da aka yi a kansa ya gano yana cikin tabar da ta fi kowace yawan waɗannan sinadarai a duniya. Likitocin can suna yawan samun sankara daidai gurbin da mutum ya saba ajiye tumbak ɗinsa. Haka abin yake ga shamma da ake amfani da ita a Yaman da kudancin Saudiyya. Wani nazari da cibiyar Liyon ta fitar a 2024 ya ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na sankarar baki a duniya yana da nasaba da tabar da ba a ƙonawa da kuma wani ɗan itace da zan yi bayaninsa a amsa ta gaba.

Farin da ka gani na iya zama kaurin da fata take yi domin kare kanta daga abin da ke cin ta, irin kantar da ke fitowa a tafin hannun manomi, kuma irin wannan yakan baje cikin mako biyu zuwa shida idan aka daina zuba taba baki ɗaya. Yana kuma iya zama farin tabon da wani kaso nasa yake rikiɗewa ya koma sankara, kuma ido kaɗai ba ya iya rarrabe su da tabbaci. Saboda haka ka ajiye battar daga yau, ka je likitan haƙori ya duba wurin a wannan makon, sannan ka koma ya sake dubawa bayan lokacin da ya ɗibar maka. Kada ka yi dabarar da mutane da yawa suke yi ta mayar da tabar ɗaya gefen, domin hakan buɗe wa ciwo sabuwar gona ne kawai. Idan ƙishin tabar ya matsa maka a kan hanya, akwai cingam da abin mannawa a fata masu ɗauke da nikotin da aka auna, waɗanda likita ko ƙwararren mai harhaɗa magunguna zai nuna maka yadda za ka yi amfani da su kana ragewa har ka rabu da su. Na ga mutane da dama da suka yi amfani da watan azumi suka yanke, tunda jiki ya riga ya saba da haƙurin yini guda.

Tambaya: Na karanta a waya cewa cin goro yana kawo dajin baki. Shekarata 67, kuma tun ina saurayi nake cin goro. Shin in daina? Daga wani dattijo a Katsina.

Amsa: Baba, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ina kyautata zaton abin da ka karanta kuskuren fassara ne wanda na sha cin karo da shi. Akwai wani ɗan itace da ke fitowa daga wata bishiya dangin kwakwa, ana kiransa areka, wanda mutanen Indiya da Pakistan da Bangaladash da Siri Lanka da Taiwan da Papuwa Niyu Gini suke taunawa, galibi a naɗe cikin wani ganye tare da farar ƙasa, wani lokaci har da taba. Masu fassara da ba su san shi ba sukan kira shi goro domin sun ga ana taunawa kuma yana rina baki ja. Shi wannan areka an tabbatar fiye da shekara ashirin da suka wuce cewa yana jawo sankarar baki ko da ba a haɗa shi da taba ba, yana kuma sa fatar cikin kunci ta ƙandare har mutum ya kasa buɗe baki sosai, kuma yana cikin manyan dalilan da suka sa sankarar baki take cikin waɗanda suka fi kama maza a Indiya. Goronmu da ake kawowa daga Kurmi da Gwanja bishiyarsa daban ce, ba su haɗa dangi ba, kuma ba ya cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara.

Amma akwai abubuwa biyu da zan ja hankalinka a kansu. Dattawa da yawa suna haɗa goro da tabar gari, wasu mata kuma da furen taba, to a nan matsalar tana ga tabar. Sannan rinin goro yana iya ɓoye jan tabo ko fari a dasashi da harshe, don haka wanda zai duba bakinsa ya fara wanke shi tas da asuwaki ko buroshi. Ga 'ya'yanmu da ke zuwa karatu Indiya ko fatauci Dubai, su kiyayi 'yan ƙananan ledoji masu ƙyalli da ake sayarwa da sunan gutka ko fan masala, waɗanda suke kama da alewar ƙamshin baki alhali areka ce a ciki.

Tambaya: Mahaifinmu yana da gyambo a gefen harshensa yau wata biyu. Da farko ba ya ciwo, yanzu yana hana shi cin tuwo, kuma yana kukan ciwon kunne a wannan gefen. An ba shi maganin kurkure baki da kafso a wani kemis, bai warke ba. Ina so a kai shi babban asibiti, amma baffanninmu sun ce daji ne, kuma daji ba ya son ƙarfe ko allura, don haka sun kawo mai maganin gargajiya yana shafa masa wani gari. Ni mace ce, kuma ƙarama a gidan. Yaya zan yi? Daga wata baiwar Allah a Malumfashi.

Amsa: 'Yar uwa, Allah Ya ba Baba lafiya, Ya kuma saka miki da alheri. Ba zan iya ce miki ga abin da ke damunsa ba tare da an gan shi ba, amma abin da kika bayyana ya isa a kai shi asibiti cikin kwanakin nan ba tare da jiran komai ba. Ƙurajen baki na yau da kullum, irin waɗanda ke fitowa bayan zazzaɓi ko cizon harshe, suna da zafi tun ranar farko, kuma suna warkewa da kansu cikin mako ɗaya zuwa biyu. Sankara kuwa takan fara ne shiru babu ciwo, abin da ke sa a raina ta, kuma gefen harshe da ƙarƙashinsa su ne wuraren da ta fi so. Ciwon kunnen da yake ji yana iya kasancewa daga harshen yake tasowa, domin jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo daga wuraren biyu suna da mahaɗa. Ƙa'idar da likitoci suke bi ita ce, duk gyambo ko tabo ko ƙari a baki da ya wuce mako uku bai warke ba, dole ne ƙwararre ya duba shi, ko yana ciwo ko ba ya yi. Wani lokaci tsinin karyayyen haƙori ne ke gogar harshen, to sai a goge tsinin ko a cire haƙorin, idan mako biyu ya wuce gyambon yana nan sai a ɗauki mataki na gaba.

Matakin na gaba shi ne ainihin abin da baffanninku suke tsoro, don haka bari in faɗi yadda yake. Ana yin allurar kashe zafi a wurin, a yanki ɗan nama da bai wuce ƙwayar wake ba, a yi ɗinki ɗaya ko biyu, a aika da shi ɗakin gwaji a duba shi da madubin da ke ƙara girman abu. Aikin ba ya kai awa guda, mutum yana komawa gida a ranar, kuma wannan yanka ba ya sa ciwon ya bazu. Ta wannan hanya ce kaɗai ake tabbatar da ko sankara ce ko wani abu daban, domin akwai cututtukan da ke kama da ita, har da tarin fuka da yakan fito a harshe, waɗanda magani kawai suke buƙata.

Maganar cewa daji ba ya son ƙarfe ba daga sama ta faɗo ba, kuma ban ga amfanin yi wa masu faɗinta kallon jahilai ba. Sun ga an kai wani asibiti, an yi masa aiki, bai daɗe ba ya rasu, sai suka ɗora laifin a kan wuƙar likita. Abin da ba su lissafa ba shi ne watanni takwas ko goma da mara lafiyar ya yi a gida ana shafe-shafe, har ciwon ya kai kaluluwar wuya ko ya ci ƙashin muƙamuƙi kafin a kai shi. Haka maganar take ciyar da kanta: tsoro yana sa a makara, makara tana sa a rasa mutum, rashin kuma yana ƙara tsoron. Alƙaluman Amurka, inda ake bin diddigin masu wannan ciwo sosai, sun nuna cewa cikin mutum 100 da aka gano sankarar baki ko ta maƙogwaro tun ba ta bar inda ta tsiro ba, sama da 80 suna nan da rai bayan shekara biyar, amma idan ta riga ta tafi sassan jiki masu nisa, waɗanda ke kaiwa haka ba su kai rabi ba. Ƙaramar sankara a gefen harshe ana iya yanke ta mutum ya ci gaba da magana da cin abincinsa, babba kuwa sai an haɗa da babbar tiyata da gashi da na'ura, wani lokaci da allurai masu ƙarfi, ga tsada ga wahala. Garin da ake shafa masa kuma, idan mai ci ne, zai ƙona wurin ya ƙara masa azaba, ya kuma rikitar da abin da likita zai gani.

Game da matsayinki a gida, kada ki tunkari baffanninku da gardama a gaban jama'a, domin idan abin ya zama na kare girma ba za su janye ba. Ki nemi wanda suke jin nauyinsa, ko babbar gwaggonku ko limamin unguwa ko wani ma'aikacin lafiya ɗan garin, ki karanta masa wannan amsa, ya roƙe su abu guda kawai, wato a je a gwada a san sunan ciwon. Hadisi ya tabbata cewa Allah bai saukar da cuta ba face Ya saukar da maganinta, kuma addu'a da tofi ba su hana a je a duba. Daga Malumfashi, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ta Zariya da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano duk suna da likitocin tiyatar baki da muƙamuƙi. Masu karatu na wasu wurare za su sami irinsu a asibitocin koyarwa na Sakkwato da Maiduguri da Asibitin Ƙasa na Abuja, a Nijar kuma akwai cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa a Yamai, wadda ta fara yin gashi da na'ura a 2021. Idan kun je, ku faɗi ainihin tsawon lokacin da gyambon ya yi, da duk abin da aka shafa ko aka sha, ba tare da jin kunya ba.

Tambaya: Ba na shan sigari, shisha kawai nake sha da abokai, wani lokaci da ɗan abin sha mai bugarwa a ƙarshen mako. Ai ruwan shisha yana tace dafin, ko ba haka ba? Daga wani ɗalibi a Jos.

Amsa: Ɗana, ruwan yana sanyaya hayaƙin ne kawai, kuma sanyin da ƙamshin tuffa ko na'a-na'a su ne suke sa ka zuƙa da zurfi ka kuma daɗe kana yi. Abin da ke cikin kaskon taba ce, hayaƙin taba kuwa yana ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga cikinsu an san suna jawo sankara, ga kuma hayaƙin gawayi da aka ɗora a kai. Karan sigari yana ƙarewa cikin minti biyar ko shida, zaman shisha kuwa yakan kai awa guda. Giya kuma, ko ta kwalba ce ko burkutu, jiki yana mayar da ita wani sinadari mai suna asitaldihaid wanda ke lalata ƙwayoyin halitta, sannan tana sa fatar baki ta yi saurin tsotse dafin taba. Saboda haka haɗarin wanda ya haɗa biyun ninkuwa yake yi, ya zarce abin da za a samu idan aka tara na kowanne shi kaɗai. Wanda ya daina shan taba, ƙarin haɗarin sankarar baki da maƙogwaro da ya jawo wa kansa yana raguwa da rabi cikin shekara biyar zuwa goma, kuma kai da kake da ƙuruciya ka fi kowa cin ribar wannan.

Tambaya: Yarona ɗan shekara uku ya yi ƙyanda, bayan ta sake shi sai dasashinsa ya fara jini da wari, yanzu kuncinsa ya kumbura ya yi baƙi a tsakiya. Makwabta sun ce ciwon daji ne. Daga wata uwa a Talatar Mafara.

Amsa: Na riga na aika miki da amsa a ranar da saƙonki ya iso, domin wannan ba abin da zai jira fitowar mujalla ba ne, amma ina maimaita ta saboda sauran iyaye. Kalmar daji a bakin mutanenmu tana ɗaukar cututtuka da yawa, kuma abin da kika bayyana ya fi kama da cutar noma, wadda ba sankara ba ce. Ƙwayoyin cuta ne suke cin naman baki da fuska, galibi a yara 'yan shekara biyu zuwa shida da rashin abinci mai gina jiki ya raunana, musamman bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Sankarar manya tana tafiya ne cikin watanni, noma kuwa cikin kwanaki take huda kunci, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta sanya ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a watan Disamba na 2023, ta ce tana iya kashe har tara cikin goma na yaran da ba a yi wa magani ba. Idan aka kama ta tun tana dasashi, magungunan kashe ƙwayoyin cuta da tsaftace baki da abinci mai kyau suna tsayar da ita. A Sakkwato akwai asibiti na musamman domin wannan cuta tun 1999, inda ake yi wa yara magani da gyaran fuska kyauta, amma a fara kai yaro asibiti mafi kusa a ranar da aka ga alamar.

Akwai kuma wata sankara ta gaske da ke kama muƙamuƙin yara a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, wadda wani likita mai suna Denis Burkitt ya fara bayyanawa a Yuganda a 1958. Ita kumburi take yi mai saurin girma har haƙora su yi girgiɗi, kuma tana cikin sankarar da ta fi jin magani idan aka fara da wuri.

Tambaya: An zo makarantarmu da allurar rigakafin HPV, an ce ta sankarar bakin mahaifa ce. Sai na ji wani likita a rediyo yana cewa tana da alaƙa da dajin baki. Me ya haɗa su? Kuma gaskiya ne tana hana haihuwa? Daga wata malamar firamare a Dutse.

Amsa: Malama, HPV ƙwayar cuta ce mai nau'o'i da yawa, ana ɗaukarta ta hanyar saduwa, har da kusantar da ake yi da baki, kuma mafi yawan waɗanda suka ɗauke ta jikinsu yana kawar da ita ba tare da sun sani ba. A wasu kaɗan takan zauna shekaru har ta jawo sankara. Nau'i na 16, wanda shi ne kan gaba wajen sankarar bakin mahaifa, shi ne kuma yake jawo sankara a can gindin harshe da gefen maƙogwaro, har a Amurka ana danganta kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar wannan wuri da HPV, kuma maza ta fi kamawa. A nan dole in yi adalci: sankarar leɓe da kunci da dasashi da gaban harshe, wadda muka fi gani a nan, taba da giya ne manyan masu jawo ta, don haka allurar ba ta maye gurbin barin taba.

Najeriya ta fara bayar da allurar kyauta a watan Oktoba na 2023 ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, sau ɗaya kacal, kuma tana kariya daga nau'i na 16 da na 18. An zaɓi waɗannan shekaru ne domin rigakafin ya fi aiki idan an yi shi tun kafin a haɗu da ƙwayar cutar. Ƙasashe irin su Ostareliya da Birtaniya suna yi wa yara maza ma. An fara amfani da wannan allura a duniya tun 2006, an yi wa miliyoyin 'yan mata, da yawansu yau iyaye ne, kuma binciken da aka yi ta maimaitawa bai nuna tana hana haihuwa ba. Abin da aka fi gani shi ne ɗan ciwo a dantse na kwana ɗaya ko biyu.

Tambaya: Ni zabiya ne kuma manomi. Leɓena na ƙasa kullum a bushe yake yana ɓawo. Yaya zan kare kaina, kuma yaya mutum zai duba bakinsa da kansa tunda likitan haƙori yana da nisa da mu? Daga wani manomi a jihar Maraɗi.

Amsa: Malam, tambayarka ta dace, domin leɓen ƙasa shi ne yake fuskantar rana kai tsaye, kuma fatar zabiya ba ta da sinadarin da ke tare zafin haskenta. Ka riƙa sa malafa mai faɗin baki, ka nemi man leɓe mai kariyar rana da aka rubuta lamba 30 ko sama a jikinsa ka riƙa sabunta shi a gona, ka kuma karkatar da aikinka zuwa sassafe da la'asar gwargwadon iko. Ɓawon da ke faɗuwa ya dawo a wuri guda, ko tsagewar da ta wuce mako uku, a nuna wa likita, domin sankarar leɓe tana cikin masu saurin warkewa idan aka cire ta tana ƙarama.

Duba baki kuwa aikin minti biyu ne sau ɗaya a wata. Ka wanke hannu da baki, ka tsaya gaban madubi inda haske yake, wanda ke da haƙoran roba ya cire su. Ka ja leɓɓa ka duba cikinsu da dasashi, ka buɗa kunci dama da hagu, ka ɗaga kai ka ga ganɗa, sannan ka fito da harshe ka kama bakinsa da tsumma mai tsabta ka ja shi gefe da gefe domin ka ga har can baya, ka ɗaga shi ka duba ƙarƙashinsa. Abin da kake nema shi ne gyambo, ko farin tabon da ba ya gogewa, ko ja mai laushi, wanda ya fi farin haɗari, ko wani wuri mai tauri idan ka taɓa da yatsa. Daga nan ka shafa ƙarƙashin haɓa da gefen wuya, domin kaluluwa mai tauri da ba ta ciwo kuma ta ƙi bajewa ta fi mai ciwo zama abin lura. Haƙorin da ya fara girgiɗi babu dalili, da gurbin haƙorin da aka cire ya ƙi rufewa, da mutuwar leɓe ko harshe, da dushewar murya ko wahalar haɗiya da suka daɗe, duk suna cikin abin da ake kai wa asibiti.

Kada ka raina wannan dubawa don babu na'ura a cikinta. A jihar Kerala ta Indiya an horar da ma'aikatan lafiya na ƙauye suna bi gida gida suna duba bakin mutane da fitila kawai, kuma sakamakon da aka buga a 2005 ya nuna mace-macen sankarar baki sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsakanin masu shan taba ko giya. Ta fuskar abinci, yawan cin ganye da 'ya'yan itatuwa yana tafiya tare da raguwar haɗarin wannan ciwo, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar giram 400 a yini, abin da kwaɗon zogale ko rama da ɗan tumatir da gwaiba ko mangwaro na lokacinsa za su iya cikawa ba tare da an je kanti ba. Idan ka ga wani abu a bakinka, ka sa a ɗauki hotonsa da waya a rubuta ranar, domin idan ka isa wurin likita a Maraɗi ya ga yadda yake a farko ya gwada da yadda ya koma.